Injin jirgi mai doki 350: wanne zan saya, kuma zai mayar da kuɗinsa?

Wani Alhaji daga Yauri ya aiko da tambaya. Yana da jiragen katako biyu da ke ɗaukar fasinja da kaya zuwa kasuwannin bakin tafkin Kainji, ɗaya da injin Yamaha mai doki 40, ɗayan mai doki 75 (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji). Yana so ya ƙara da jirgin faiba mai kujera 25 wanda zai riƙa gudu. Yaransa sun nuna masa bidiyon sabon injin Honda mai doki 350, wasu kuma suka ce masa na Yamaha ko Mercury ko Suzuki ya fi. Niyyarsa ya sayar da jirgi ɗaya, ya cika da kuɗin albasa. Tambayarsa ita ce wanne zai ɗauka.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zan fara da injinan kamar yadda ka nema, amma ka yi haƙuri ka bi ni har ƙarshe, don inda kuɗinka zai tsira ko ya nutse ba a sunan kamfani yake ba.

Injin da aka nuna maka shi ne Honda BF350. A 2023 kamfanin ya bayyana shi, kuma shi ne injin jirgi na farko mai silinda takwas da Honda ta ƙera. Nauyinsa ya kusa kilo 350. Suzuki ta riga ta tun 2017 da DF350A mai silinda shida, wajen kilo 330, wanda ke da farfela biyu a sanda ɗaya, kowace tana juyawa saɓanin 'yar'uwarta. Mercury ta Amurka ta fito da nata mai silinda goma a 2022, wajen kilo 316. Yamaha kuma ta zo da sabon F350 mai silinda shida a farkon 2024, wanda ya fi su duka rashin nauyi, wajen kilo 285. Kowannensu ya haura dala dubu 30 a can Amurka, kafin kuɗin jigila da kwastan da sitiyari da wayoyi da kuɗin ɗaurawa. Ka ninka da canjin yau ka ga abin da ake magana.

Duk huɗun injina ne nagari, ban raina ko ɗaya ba. Masu jiragen Amurka da ke musu a kansu suna duba wanne ya fi tashi da sauri, wanne ya fi shiru, wanne ya fi cajin batir saboda na'urorin neman kifi. Yawancinsu mutane ne masu fita kamun kifi na nishaɗi a teku ranar hutu, su dawo su kai injin wurin dila a bakin ruwa. Injinsu ba ya ciyar da iyali. Naka kuwa kullum zai fita, kuma shi zai biya direba da yaran jirgi da kuɗin makaranta. Don haka ma'auninsu daban, naka daban.

Mu fara da mai, tunda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 shi ne ke cinye ribar masu fito. Akwai lissafin da masu sana'ar ke amfani da shi: injin fetur idan aka buɗe masa totur gaba ɗaya yana shan kusan lita ɗaya a awa ga kowane doki uku. Wato mai doki 350 zai sha abin da ya haura lita 110 a awa. Ba kullum za a buɗe shi duka ba, to mu ce a matsakaicin gudu da cikakken lodi yana shan lita 60. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, lita tana naira 1,000. Tafiyar awa ɗaya ta ci naira 60,000. Raba wa fasinja 25, kowa ya ɗauki naira 2,400 na mai zalla, ba a taɓa albashi ko baƙin mai ko kuɗin ƙungiya ko abin da za a ajiye don gyara ba. Ka kuma san yadda ranar kasuwa take: ana tafiya cike da safe, wani sawun a dawo rabi. Da zarar kujeru 12 kawai suka cika, kuɗin man kowane mutum ya ninka. Yanzu ka tuna waɗanda ke hawa jiragenka, mata masu kwandon busasshen kifi da manoma masu buhunan albasa da shinkafa. Nawa cikinsu za su yarda su ninka kuɗin fito don su isa da wuri da rabin awa? Kai ka fi ni sanin amsar, ka zauna ka ba kanka ita tsakani da Allah.

Abu na biyu ya fi damuna. Injinanka na yanzu masu kafireto ne. Idan suka tsaya, makaniki a bakin ruwa zai kwance, ya wanke, ya canja fulogi, kafin azahar an koma aiki. Waɗannan sababbin kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da su. Mai yana shiga ta injekta, totur da giya da wayar lantarki suke aiki, kuma idan injin ya nuna matsala sai an jona masa kwamfuta mai manhajar kamfanin kafin a san abin da ke damunsa. Kada sunan Yamaha ya ruɗe ka cewa makanikinka ya san shi: F350 da Enduro, wato ƙananan injinan Yamaha masu kafireto, suna kawai suka haɗa, kayan cikinsu ba sa shiga juna. Ƙaramin sensa guda na iya ajiye jirgi makonni ana jiran kaya daga Legas ko daga waje. A duk waɗannan makonnin albashi na tafiya, fasinjojinka sun koma jirgin maƙwabci, ga jirgi guda ka riga ka sayar.

Sannan ga yanayin ruwanmu. Man da ake saye a jarka sau da yawa yana zuwa da ruwa da datti, injekta kuwa ba ta yafe wannan. Dole a sa matatar da ke raba mai da ruwa, a riƙa duba ta kullum. Na Suzuki ma matsin silindarsa mai yawa ne, yana son fetur mai inganci sosai, yayin da Honda da Mercury suka ƙera nasu don fetur na yau da kullum. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwan da har yau suke fasa jirage, da rani kuma yashi na tasowa. Jirgin da ke tafiya a hankali ya daki kututture, farfela ce za ta lanƙwashe. Wanda ke gudun kilomita 60 a awa da mutum 25 a ciki, ba maganar farfela ake yi ba, maganar rayuka ce. Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da ɗimbin mutanen da suka rasu ba, Allah ya jiƙansu. Kowane lissafi za ka yi, ka sa kuɗin rigar ruwa ta kowace kujera da rajistar hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida (NIWA) a ciki tun farko.

Kada ko da wasa wani ya ba ka shawarar ɗaura irin wannan injin a jirgin katako. Allon baya ba zai ɗauki kilo 300 da ƙarfin turinsa ba. Kuma jirgi mai nauyi da ke ratsa ruwa yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanke masa, mai mita 20 wajen kilomita 20 a awa. Bayan nan duk dokin da ka ƙara igiyar ruwa kawai yake tayarwa yana shan mai. Shi ma jirgin faiba yana da iyakar dokin da maƙerinsa ya rubuta masa, ka nemi wannan adadin kafin ka je wurin mai inji.

Idan ka dage sai jirgin faiba, ni na fi son ka ɗaura matsakaita biyu, kamar masu doki 150, maimakon babba ɗaya. Gaskiya ne biyun haɗe sun fi nauyi, sabis ɗinsu kashi biyu ne, kowanne da baƙin mansa da matatarsa duk awa 100. Amma idan ɗaya ya mutu a tsakiyar tafki ɗayan zai kai mutane gaɓa, kayan gyaransu sun fi samuwa, kuma ranar da ka so sayarwa masu neman 150 sun fi masu neman 350 yawa nesa ba kusa ba. Wannan batun sayarwa kada ka raina shi. Lokacin da aka daina ƙera injin Evinrude a 2020, masu shi sun ga yadda samun mai saye da kayan gyara ya ƙara wuya, ko da yake injinansu lafiya lau suke aiki.

Wa ya kamata ya sayi mai doki 350? Wanda ke da abokin ciniki mai biyan kuɗin sauri: kamfanin da ke kai ma'aikata, hukumar da ke hayar jirgi, ko hanya irin ta Ikorodu zuwa tsibirin Legas inda mutane ke gudun cunkoson titi kuma jirgi na cika zuwa da dawowa. Idan ka samu kwangila irin wannan a rubuce, to sai mu zauna zaɓe. A lokacin zan karkata ga na Yamaha saboda rashin nauyinsa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi sunan ƙarfi: duk kamfanin da dilansa zai nuna maka makaniki mai horo da kwamfutar gwaji da kayan gyara a ajiye a shagonsa, shi za ka bi, ko Honda ne ko Mercury ko Suzuki. Ka kuma sa a rubuta maka tsawon garanti na aikin haya, don yawanci ya fi na masu nishaɗi gajarta sosai, kuma na nishaɗin ne ake bugawa a talla.

A yanzu dai shawarata kada ka sayar da jirgin da ke kawo maka kuɗi, kada kuma ka taɓa jarin albasa. Ka ba direbobinka littafi, su rubuta na wata uku: fasinja nawa a kowane sawu, lita nawa aka sha, nawa aka samu, kwana nawa jirgi ya zauna. A cikin wannan lokacin ka yi hayar jirgin faiba ko na kasuwa huɗu, ka sa kuɗin da zai rufe mai da riba, ka ga mutum nawa za su hau. Idan littafin ya cika, ka aiko min da shi mu yi lissafin tare.