Hannun da ya miƙo gare ka: me ya sa yake wuyar zanawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Gombe, shekara biyu ke nan ina koyon zane da fensir. Abin da yake tsaye ko a gicciye ina fitar da shi daidai gwargwado. Amma ranar da na sa ƙanena ya miƙo hannu wajena na zana, sai hannun ya fito a langaɓe kamar an karya shi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Hannunka lafiya lau yake, kada ka karaya. Wannan wurin ne kowane mai zane yake tuntuɓe, kuma dalilinsa ɗaya ne: kanka ya riga ya san tsawon hannun mutum, saboda haka idan ido ya kawo masa hannu gajere, sai ya ƙi yarda ya ƙara masa tsawo. Abin da ka sani kake zanawa, ba abin da yake gabanka ba.

Ka bar ƙanenka ya huta tukuna, ka sayi sandar rake. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, ban sami abin da ya kai rake bayyana shi ba, domin Allah ya yi masa gaɓoɓi kamar ma'auni. Riƙe shi a gicciye, za ka ga tazarar gaɓoɓin a fili. Sai ka riƙa juya bakinsa wajenka a hankali. Da farko kamar ba abin da ya canza, domin idan ka juya shi da digiri 30, kusan kashi 87 cikin 100 na tsawonsa kake gani. Da ka kai digiri 60 sai ya koma rabi. Daga nan gaɓoɓin suna ta matsuwa suna hawa juna, har ya fuskance ka sosai, ba abin da ya rage sai da'irar bakinsa. Lura da wani abu kuma: layin gaɓa da yake miƙe ɗazu yanzu ya lanƙwasa. Wannan lanƙwasar ita ce take gaya wa mai kallo cewa raken ya nufo shi. A hannun mutum, bakin hannun riga da agogo da wuyan hannu su ne suke yin aikin gaɓa.

Sai awo. Miƙe hannunka har ƙarshe, gwiwar hannu ba ta lanƙwashe ba, rufe ido ɗaya, ka auna da fensir kana sa babban yatsa alama. Ka riƙe fensirin a tsaye ko a kwance kamar yana manne da gilashin taga, kada ka bar bakinsa ya karkata ya bi abin da kake aunawa. A nan ɗalibaina suka fi yin kuskure, sai awon ya tashi a banza. Za ka tarar daga kafaɗa zuwa yatsu bai ma kai tsawon fuskar ƙanenka ba. Zuciyarka za ta ce ƙarya ne. Ka yarda da fensirin.

Inda ka zauna ma yana da ruwa a ciki. Abu idan nisansa ya ninka, girmansa a ido rabi yake komawa. In tafin hannun yana santimita 60 daga idonka, fuskar kuma tana 120, tafin zai yi ninki biyu na yadda ya saba idan aka gwada shi da fuskar. In ka ja baya mita 3, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Mai koyo ya fara daga nesa.

Idan awon ya ci gaba da ba ka wuya, akwai tsohuwar dabara. A shekarar 1435 wani masani ɗan Italiya, Leon Battista Alberti, ya bayyana yadda mai zane zai kafa siririn mayafi mai layukan zare tsakaninsa da abin da yake kallo. Kai ma yanke taga a jikin kwali, ka ɗaura baƙin zare a tsaye da a kwance, ka ja irin waɗannan gidaje a takardarka, ka cike su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka motsa kai ba. Wasu suna ganin wannan ha'inci ne. Ni ban yarda ba, horar da ido ne, kuma da kanka za ka ajiye kwalin.

Wajen zanen kuwa, fara da abin da ya fi kusa da kai, wato tafi, sannan damtse ya leƙo daga bayansa, kafaɗa daga bayan damtse. Shata da fensir mai lamba HB a hankali, ka ƙarfafa layin na kusa da mai lamba 2B da ya fi shi baƙi, na nesa ka bar shi shara-shara. Kwana bakwai ka zana rake, taɓarya da buta a kwance, sau biyar-biyar kullum, kana canza musu fuska. A rana ta takwas ka kira ƙanenka, amma ka sa masa kujera ya ɗora hannun a kai, don yaro ba zai iya riƙe hannu a miƙe fiye da 'yan mintoci ba.