Ƙawata ta fasa tafiya, ni kuma ba ni da mota: in tafi ni kaɗai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da ƙawata mun shirya tafiyar hutu ta kwana uku a motarta, har mun kama ɗaki a wani masauki da ke bayan gari, sai wani uzuri ya taso mata ta fasa. Na riga na karɓi hutu a wurin aiki, ba na son ya tafi a banza, amma ba ni da mota, kuma ban taɓa yin tafiya ni kaɗai ba. Wasu sun ce mini in hau duk abin da na samu zuwa garin, in na isa abin hawa ba zai gagara ba. Hankalina bai kwanta ba. In tafi ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki tafi, domin tafiyar kwana uku ba ta fi ƙarfin mutum ɗaya ba. Sai dai ki sani cewa tsarin da kuka yi da ƙawarki ya rushe tun ranar da motar ta fita daga lissafi, saboda an gina shi ne a kan cewa akwai abin hawa a hannunku dare da rana, shi ya sa ma kuka iya zaɓar masauki a bayan gari. Abin da ke gabanki yanzu sabuwar tafiya ce, kuma daga tushe za ki tsara ta, ko da garin bai canja ba.

Ki fara da batun kuɗin ɗakin, tunda shi ne mai wa'adi. Ki duba saƙon da aka aiko miki lokacin da kuka kama ɗakin, ki ga ko irin wanda ake mayar da kuɗinsa ne idan an fasa kafin wata rana, ko kuwa irin mai rangwame ne wanda ba a mayarwa. Idan na biyun ne, ki roƙi a ɗaga miki ranar zuwa wani lokaci da ƙawarki za ta samu dama, domin masu masauki sun fi yarda da sauya rana a kan fitar da kuɗin da ya riga ya shiga hannunsu. Idan ta manhaja kuka kama, ki tabbata duk canjin da aka amince da shi ya fito a rubuce a cikinta. Inshorar tafiya kuwa, kada ki ɗora rai a kanta: yawancinsu suna biya ne kawai a kan dalilan da aka lissafa a cikin yarjejeniya, kamar rashin lafiya ko rasuwa.

Yanzu in dawo kan shawarar da aka ba ki, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarki, kuma kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani matafiyi: wai in an isa, abin hawa ba zai gagara ba. Masu faɗin haka galibi mutane ne da ke yawo a motarsu, ko kuma masu zuwa garin da suke da dangin da za su tarbe su, don haka ba su taɓa tsayawa da jaka a bakin tasha bayan faɗuwar rana suna neman wanda zai kai su wurin da ba su san hanyarsa ba. Doguwar tafiya tsakanin gari da gari tana da jadawali, tana da tikiti, tana da kamfanin da za a iya tuhuma. Haɗarin yana cikin ɗan guntun da ya rage, wato daga tasha zuwa ƙofar masauki, kuma shi ne guntun da mutane ke bari ga sa'a. Lokacin da taswirar waya ke nunawa tun farko yawanci na mai tuƙi ne. Kilomita 10 da mota ke cinyewa cikin minti 15, tafiyar sa'a biyu ce ga mai ƙafa, domin mutum lafiyayye kimanin kilomita 5 yake yi a sa'a, balle wanda ke ɗauke da kaya.

Motocin haya da ke zuwa bayan gari ba su da yawa, ta ƙarshe kan tashi da wuri, kuma a ƙarshen mako da ranakun hutu ana rage su, a wasu layukan ma a dakatar da su gaba ɗaya. Wani zai ce ai akwai manhajojin kiran mota ta waya irin su Uber ko Bolt. Waɗannan manhajoji suna aiki ne idan akwai direba a kusa da inda kike. Daga tsakiyar gari ba wuya ki sami wanda zai fitar da ke, amma ranar dawowa, kina can nesa, za ki iya buɗe wayar ki tarar babu mota ko ɗaya a kewayen, alhali jirginki ko bas ɗinki na shirin tashi. Mutane da dama suna auna sauƙin komowa da sauƙin zuwa, kuma a nan ne suke maƙalewa.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Matafiyi ya gaji, dare ya yi, cajin waya ya kusa ƙarewa, sai ga wani ya matso da fara'a yana cewa zai kai shi da araha. A wannan hali mutum mai hankali ma yakan shiga motar da da rana tsaka ba zai ko kalle ta ba. Tasi mai rajista yana da lamba da alama da wurin tsayawa, kuma fasinja ne ke zuwa wurinsa. Wanda ya biyo ki har cikin tasha yana ƙoƙarin karɓar jakarki, kina da ikon ki ce masa a'a ba tare da wani bayani ba, kuma kada kunya ta sa ki bi shi. Haka nan ba ni da haƙuri ko kaɗan da masu kiran kansu dillalan tafiye-tafiye a Facebook da WhatsApp, waɗanda ba su da ofis, ba su da rajista, ba sa ba da rasit, sai dai su ce a tura kuɗi asusun wani mutum, kuma wai "akwai direbanmu da zai ɗauke ki". Idan direban bai zo ba, babu wanda za ki kama. Idan ya zo, babu wanda ya san ko shi wane ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Maganin wannan shi ne ki fara tsara tafiyar daga komowa. Ki nemi garin da jirgin ƙasa ko bas ke zuwa kai tsaye daga inda kike, sau da dama a rana, sa'an nan ki zaɓi abin da za ki hau ranar dawowa, kuma kada ya zama na ƙarshe a jadawali, domin idan ya kuɓuce miki ko aka soke shi ya kasance akwai wani a bayansa. Bayan haka ki nemi masaukin da za ki iya takawa zuwa gare shi daga tasha cikin kamar minti 15, a unguwar da ke da jama'a da haske da wurin cin abinci. Sai a ƙarshe ki sayi tikitin zuwa, wanda zai sauke ki aƙalla sa'a biyu kafin magariba, saboda jinkirin hanya ya sami inda zai shiga.

Idan dole sai kin sauya abin hawa a tsakiya, ki yi ƙoƙari ki sayi tikiti ɗaya da ya haɗa tafiyar gaba ɗaya. Da tikiti biyu na kamfanoni daban, idan na farko ya makara kika rasa na biyu, kamfani na biyu ba shi da alhakin komai a kanki. Haƙƙin fasinja ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Tarayyar Turai, alal misali, dokar da ta fara aiki a 2023 ta tanadi mayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikitin jirgin ƙasa idan jinkiri ya kai sa'a ɗaya, da kashi 50 idan ya kai sa'a biyu. A ko'ina kike, ki adana tikitinki, domin ofisoshin kamfanonin sufuri sun ƙware wajen sa mutum cike takarda bayan takarda har ya gaji ya bar musu kuɗinsa.

Wayarki ita ce abokiyar tafiyarki a wannan karo, amma kada ki dogara da ita ita kaɗai. Ki sauke taswirar garin tun kina gida, tare da sanin cewa taswirar da aka sauke ba ta nuna jadawalin bas idan babu intanet, don haka ki ɗauki hoton jadawalin. Ki rubuta adireshin masauki da lambarsa a takarda, ki tafi da abin ƙarin caji, ki raba kuɗinki wuri biyu, kuma jaka ɗaya da za ki iya ɗauka da kanki ta isa kwana uku. Ki sanar da mutum ɗaya amintacce inda za ki sauka da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ki. WhatsApp yana ba da damar nuna inda kike kai tsaye har na tsawon sa'a 8. Ki san lambar kiran gaggawa ta ƙasar da kike, 112 tana aiki a ƙasashe da yawa. Duk motar da kika kira ta manhaja, ki gwada lambarta da fuskar direban da abin da wayar ta nuna kafin ki buɗe ƙofa.

Masaukin nan na bayan gari kuwa, ki kira su yau ki tambaye su kai tsaye: suna da motar da ke ɗauko baƙi daga tasha ta kuma mayar da su, da ƙarfe nawa, kuma za su tabbatar miki da haka a rubuce tare da sunan direban? Idan amsarsu ta fito sarai, za ki iya riƙe ɗakin. Idan suka ce miki "kada ki damu, za a samu", ki saki ɗakin ko da wani ɓangare na kuɗin zai salwanta, ki kama wani a kusa da tasha.