Amsa ga ƙanenmu na Mile 12 kan tokin ɗin da ya ninka sau takwas

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce wani sabon tokin, wato kuɗin intanet na kirifto, ya ninka sau takwas cikin mako biyu, 'yan gurup ɗinku na Telegram suna rantsuwa zai kai dala ɗaya kafin ƙarshen shekara, kai kuma ɗaukar adashinka ta zo, shi ne kake tambaya ko ka zuba kafin a bar ka a tasha. Na daɗe ina canji a Legas, daga tsayuwa a Allen har zuwa cinikin USDT (kirifton da aka ɗaure darajarsa da dala) ta waya, don haka zan faɗa maka yadda nake auna irin wannan, hukunci kuma naka ne.

Abin da kake gani a fuskar waya farashin cinikin ƙarshe ne da aka yi. Kuɗinka kuwa shi ne abin da zai shigo hannunka ranar da ka danna sayarwa, kuma tsakanin biyun akwai tazara da masu tallan ba sa magana a kai. Ka shiga DexScreener, shafin da ke nuna cinikin tokin, ka saka adireshin tokin ɗin, wato doguwar lambar da ke bambanta shi da saura, ka rabu da koren jadawalin nan, ka nemo inda aka rubuta likwiditi, wato kuɗin da ke ajiye a rumbun da ake musaya. A ce akwai USDT na dala 10,000 a ciki da tokin na dala 10,000. Wayarka ta nuna kana da na dala 5,000. Idan ka sayar a lokaci ɗaya, yadda lissafin rumbunan kasuwar musayar tokin ta PancakeSwap da ire-irenta yake, abin da za ka karɓa kusan dala 3,300 ne, kuma cinikinka kaɗai ya karya farashin fiye da rabi. Wanda ke bayanka a layi ya samu ƙasa da haka, na bayansa kuma sai dai addu'a. Na taɓa zama a teburin mai shayi a Agege wani yaro ya miƙo min waya hannunsa har rawa yake, walet, wato asusun kirifto na waya, na nuna masa miliyoyin naira. Muka buɗe rumbun tare, duk abin da ke ciki bai kai kuɗin Keke Napep sabo ba, kuma mutum ɗaruruwa ne ke riƙe da tokin ɗin, kowa yana lissafin gidan da zai gina.

Sai maganar dala ɗaya. Duk wanda ya ce maka tokin zai kai dala, ka tambaye shi guda nawa aka buga. Tokin Shiba Inu tana da kusan guda tiriliyan 589 a kasuwa. Idan ta kai dala ɗaya, darajarta ta zama dala tiriliyan 589, alhali duk abin da duniya ke samarwa a shekara bai wuce tiriliyan ɗari da 'yan kai ba. Haka mutanenmu suka yi shekaru suna wa'azin cewa Pi, wadda ake haƙa ta waya, guda ɗaya za ta zama dala 314,159, har ana cinikin mota da fili a baki, ga kuma adadin da aka tsara biliyan 100. Da aka fara cinikinta a kasuwa ranar 20 ga Fabrairu 2025, ta taɓa kusan dala 3 cikin 'yan kwanaki, daga nan ta gangaro ƙasa da dala ɗaya. Kalkuletar waya ta isa ta raba wannan gardamar tun farko.

Abin da na fi ɓata lokaci a kai shi ne su waye ke riƙe da kayan. Idan tokin na kan tsarin Solana ne ka buɗe shafin Solscan, idan na tsarin BNB ne shafin BscScan, ka duba jerin masu riƙewa. In ka ga walet goma na sama sun kwashe rabin kayan, to ku duka baƙi ne a gidansu. Ka kuma duba ko kason masu kamfani da waɗanda suka saya da arha tun kafin a fito da shi a kulle yake, da ranar da za a buɗe. Tokin TRUMP da aka fitar a Janairu 2025 ya haura dala 70 cikin kwana biyu, amma kashi 80 cikin ɗari na hannun kamfanoni masu alaƙa da shi, ana sakar musu kaɗan-kaɗan cikin shekara uku. Wannan a rubuce yake a shafinsu, masu saye ne ba su damu su karanta ba. A nan gida ma, tokin da aka yi da sunan Davido a Mayu 2024 ya yi tsalle na ɗan lokaci ya zube, har hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta fito ta gargaɗi jama'a a kansa. Babban suna mutane yake tarawa, kuma taron nan shi ne kasuwar da na farko ke jira su sauke kayansu.

Wani kuma ko sayarwar ba zai bari ka yi ba. SQUID a 2021 ya tashi daga 'yan santi zuwa sama da dala 2,800, saboda an rubuta tsarinsa yadda za ka saya amma ba za ka iya fitarwa ba, to dole jadawali ya yi ta hawa. Ranar 1 ga Nuwamba masu shi suka kwashe rumbun, cikin mintuna ya koma sifili. Shi ya sa ni ko na dubu biyar na saya, sai na sayar da rabi nan take na ga ko ƙofa na buɗewa.

Ka san yadda kasuwar dabbobi ta Alaba Rago take ana saura kwana uku Babbar Sallah, da yadda take washegarin Sallah. Mai ragon da ya yi kwantai zai yi asara, amma yana da nama da fata, ko ya yi haƙuri ya ci gaba da kiwo. To ka tambayi kanka, idan hayaniyar ta lafa, me zai rage a jikin wannan tokin? Akwai wanda ke biyan kuɗi don ya yi amfani da shi ko da farashi ba ya tashi? Ethereum ana biyan kuɗin aiki da ita kullum. Bitcoin adadinta miliyan 21 ne, ba mai ƙarawa, kuma tun 2009 take aiki. Duk da haka ta faɗo daga kusan dala 69,000 a Nuwamba 2021 zuwa kusan 16,000 bayan shekara guda, sai Disamba 2024 ta haye 100,000. Ita ta dawo, amma akasarin ƙananan da aka riƙa zuzutawa tare da ita a 2021 har yau suna ƙasa.

Kada kuma doguwar takardar bayanin tokin da Turanci mai daɗi su ruɗe ka. LUNA tana da manhaja, da manyan masu zuba jari, tana cikin goma na farko a duniya. Abin da ke jan mutane ribar kusan kashi 20 cikin ɗari ce a shekara da ake biya a manhajar ajiya ta Anchor kan UST, 'yar uwar LUNA da aka ɗaure da dala, ribar da ba daga wani ciniki take fitowa ba. A Mayu 2022, cikin mako guda, LUNA da ta wuce dala 100 a Afrilu ta kasa kai santi ɗaya. Wanda ya ga yadda tsare-tsaren ninka kuɗi na MMM a 2016 da CBEX a 2025 suka rushe ya san tambayar: ribar nan daga aljihun wa take fitowa?

Ba zan ce maka ba a samun kuɗi a irin wannan ba, ana samu, na ga waɗanda suka samu. Sai dai waɗanda na sani sun shiga ne kafin labari ya iso gurup, suka fita lokacin da ya iso. Tokin da ya riga ya ninka sau takwas, wanda ya saya da farko ko farashi ya faɗi da rabi yana kan riba ninki huɗu, kai kuma rabin adashinka ya tafi. Admin ɗin da ke korar duk wanda ya yi tambaya, yana cewa kar kowa ya sayar, ka nemi ya nuna walet ɗinsa.

Ni dai kuɗin adashi ba zan saka ba, domin zubi na jiranka wata mai zuwa ko tokin ya tashi ko ya faɗi, ga kuɗin haya a Legas da ba ya jiran kowa. In zuciyarka ta ƙi haƙura, ka ware abin da in ya ɓace ba zai hana ka sarin tumatir gobe da asuba ba, ka rubuta farashin da za ka fita tun kafin ka shiga, in ya ninka ka cire uwar kuɗinka. Ka turo adireshin tokin ɗin nan gurup ɗinmu, ba sunansa kawai ba don ana buga na bogi da suna iri ɗaya, mu duba rumbun da masu riƙewa tare bayan Isha'i.