Sun ce ciwon yayata a jininmu yake, sun dakatar da bikina

Assalamu alaikum Anti. An sa ranar aurena bayan babbar salla, lefe ma ya shigo, sai ga mahaifiyar angon ta aiko wai a dakata. Saboda yayata. Bara aka kai ta Misira da idonta ɗaya ya dushe, ƙafa tana ja, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta aka ce MS ce, wato multiple sclerosis, wani ciwon jijiyoyi. Tun da labarin ya isa gidansu suke cewa ciwon a jininmu yake, wai guragu zan haifa musu. Anti, ni lafiyata ƙalau! Mun yi gwajin jini, ni AA shi AA, me ya rage? Wai in yi gwajin wannan ma in kawo takarda. Takardar me? Ni na ɗora mata? Shi kuma kullum in yi haƙuri, in yi haƙuri. Yaya ma ta daina zuwa ganin likita don kada surutu ya ƙaru. An sa rana fa Anti, an raba goro, kowa ya ji. Ya zan yi?

'Yarki, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Ba na goyon bayan kowa, uwa tana da haƙƙin tambaya a kan jikokinta. Amma surukarki ta auna MS da mudun sikila, kuma ta zalunce ki. Sikila ƙwayar gado guda ce, shi ya sa gwaji yake raba gardama. MS kuwa garkuwar jiki ce take juyowa tana cin ɓawon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. A 2019 masu bincike sun ƙirga wurare fiye da 200 a ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarinta, da yawansu sun shafi garkuwar jiki. Mafi ƙarfinsu, HLA-DRB1*15:01, yana ninka haɗarin kusan sau uku, amma miliyoyin mutane suna ɗauke da shi har su tsufa lafiya. Sai wasu abubuwa sun taru a kai, kamar ƙwayar cutar Epstein-Barr, ƙarancin bitamin D da shan taba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ta kamu, galibi ɗayar tana tsira. Ke ƙanwa, haɗarinki bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ba, na 'ya'yanki bai ma kai haka ba. Takardar da suke nema, babu likitan kirki da zai rubuta ta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda kika faɗa kika wuce: yayarki ta daina ganin likita. Don a yi bikinki? Magungunan yanzu suna rage tashin ciwon, kuma ɓarnar da jinkiri ya yi wa jijiya ba lallai ta gyaru ba. Ku masu karatu, mu ne muke korar marasa lafiya daga asibiti da bakinmu, gobe mu zo dubiya da lemo muna tsoron Allah!

Ki raka ta asibiti a wannan makon. Shi kuma mai ba ki haƙuri, ya ɗauko mahaifiyarsa su zauna gaban likitan jijiyoyi su ji da kunnensu. In ya kasa wannan, ki sanar da Baba tun kafin a ɗaura.