Tambaya da Amsa: Zan iya ciyar da kyanwowina da ɗanyen naman kazar gona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyanwowi biyu, kowacce ta kai kilo 4, kuma ina so in mai da su kan ɗanyen nama. Wata gona a wajen gari ta ce za ta riƙa tara mini wuya da hanta da ƙundu da araha. Me zan karɓa, nawa zan ba kyanwowin, me kuma zan kiyaye? Daga wata mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kusancin gona ba shi ke tabbatar da kyawun nama ba. Abu biyu za ki duba: lafiyar kajin da aka yanka, da kuma yadda naman ya shiga sanyi bayan yanka.

Ki fara da tambayar masu gonar ko suna da lasisin Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma. Ki ji ranar da aka yi yankan, ko kaji sun yi ta mutuwa kwanan nan, ko kuma an ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a cika kwanakin jira ba. Mushe ko kyauta aka ba ki, ki bar musu. Hanta da ƙundu da aka jibga wuri ɗaya da hanji su ma haka, domin da zarar hanji ya fashe, ƙwayoyin salmonela, masu sa zawo da zazzaɓi, sun bi komai. Hanta mai kyau jajir take mai sheƙi, ba kore-kore, ba yauƙi.

Ki je da kula cike da ƙanƙara. A zafin Jidda, awa ɗaya a bayan mota ta isa ta ɓata nama. Kina isa gida ki raba shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli cin yini ɗaya. Na yau da gobe ya zauna a firiji a digiri 4 ko ƙasa, sauran a daskarar a digiri 18 ƙasa da sifili. A cikin firiji ake narkar da shi, ba a kan tebur ba. Abin da suka rage a kwano bayan rabin awa a zubar.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa: daskarewa ba ta kashe salmonela, ba ta kashe ƙwayar murar tsuntsaye, adana su kawai take yi. Wannan mura kuwa tana kashe kyanwa. A 2023 kyanwowi da dama sun mutu da nau'in H5N1 a Folan, a ƙarshen 2024 ma wata ta mutu a Amurka bayan ta ci ɗanyen abincin talotalo. Saudiyya ta ga ɓarkewar cutar a kaji a 2007 da 2017. Wuta ce ke kashe ta, idan cikin naman ya kai digiri 74. Don haka duk ranar da kika ji labarin mura a gonaki, ki dafa. In akwai jariri, mai juna biyu, tsoho ko mara lafiya a gidan, ki dafa kullum, domin kyanwa na iya kwasar ƙwayar salmonela ta watsa ta a gida ita kanta tana garau. A ganinmu, zuciya da hanta da ƙundu na leda da ake sayarwa a sanyaye, masu ɗauke da ranar yanka, sun fi na bayan gona aminci, ko da yake su ma ba a rasa ƙwayoyi a jikinsu.

Kyanwa mai kilo 4 tana cin kusan giram 100 a rana, a raba safe da yamma. Haɗin kilo ɗaya zai yi wa naki biyun kwana 5: tsokar cinya giram 400, wuya 250, zuciya 150, ƙundu 100, hanta 50, ƙodar rago 50.

Ki lura da ƙarancin hantar. Masu gona sun fi tura ta don ita ce mai araha, kyanwa kuma na son ta, amma yawan bitamin A da ke cikinta yana sa ƙasusuwan wuyan kyanwar su sanƙare. Zuciya da cinya ne ke kawo sinadarin taurin, wanda rashinsa ke jawo makanta da ciwon zuciya, kuma yana bin ruwan da nama ke tsiyayarwa in ya narke, saboda haka a zuba musu har ruwan. Tsoka zalla ba ta da isasshen kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, shi ya sa wuya ya shiga saboda ƙashin da ke cikinsa. Ɗanye kawai ake ba da shi, a daddatse, kina tsaye. Dafaffen ƙashi tsagewa yake ya soki hanji. Idan dafawa za ki yi, ki cire wuyan, ki sa rabin ƙaramin cokali na garin ɓawon ƙwai a kowane rabin kilo, ki haɗa da romon. Ban da gishiri, albasa da tafarnuwa; biyun ƙarshe suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta.

Haɗin nan bai cika ba sai da ƙarin taurin, bitamin E, aidin da man kifi, likitan dabbobi ne zai auna miki su. Ki sauya abincin a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Bayan gida fari mai tauri alama ce ƙashi ya yi yawa, ki rage wuya. Zawo da jini, zazzaɓi, haki, tangaɗi, ko ƙin abinci na yini guda, ki kai ta asibitin dabbobi a ranar, ki kuma faɗa musu ɗanyen nama take ci.