Ƙanena, game da jif ɗin da kake son mayarwa motar tsere a Jamus

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce ka gama difloma a fannin gyaran motoci, kana aiki a garejin maigidanka a Kano, kana neman hanyar zuwa Jamus ƙaro karatu. Ka ce ka ga bidiyoyin Turawan da suke sayen tsohuwar Porsche Cayenne ko Range Rover da araha, su kwashe kujerunta, su sauke ta ƙasa, su shiga filin tsere da ita. Burinka da zarar ka sauka kai ma ka yi haka, kana ɗauka kana sawa a YouTube, abin da ya shigo ya tallafa maka a karatu. Tambayarka ita ce ko zai yiwu, kuma nawa zai ci.

Zai yiwu, an yi an kuma. Amma ba zan ce maka ka yi ba, kuma ina so ka ji dalilina dalla-dalla, don kai ma'abocin sufana ne, ba wanda za a ce wa "bari kawai" ya yi shiru ba.

Mu fara da nauyi, don duk sauran matsalolin 'ya'yansa ne. Cayenne ta farko, wadda ta fito a 2002, mai turbo ɗinta tana da ƙarfin doki 450, amma nauyinta ya kusa tan biyu da rabi. Range Rover ta wancan zamani ma haka take, ko ta ɗara. Ka cire kujerun baya, ka ɓanɓare kafet, ka fitar da safaya da lasifikoki da duk wani kayan alatu, ko da ka yi sa'ar rage kilo 300, abin da ya rage maka ya kai tan biyu. Nauyin ba a kujeru yake ba. Yana cikin bodin da aka yi don ya jure duwatsu, da injin mai silinda takwas, da giyabos, da akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu har da giyar hawan tudu, wadda ba za ta yi maka amfanin komai a kan kwalta ba amma dole ka yi ta yawo da ita.

Yanzu ɗauki biro. Mota mai kilo 2,400 da ke gudun kilomita 180 a awa, in za ka tsayar da ita, ƙarfin da za ka kashe ya isa ya tafasa ruwa lita tara daga sanyi. Mafi yawan wannan zafin cikin faifan birki yake shiga, a 'yan daƙiƙoƙi. Mota mai kilo 1,100 a gudu iri ɗaya, ƙasa da rabin haka za ta zuba wa birkinta. A titi sau ɗaya za ka taka irin wannan birkin ka huta. A filin tsere kafin faifan ya huce wata kwanar ta iso. Man birki irin DOT 4 da muke zubawa kullum, in sabo ne ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya tsufa ya sha raɓa yana iya tafasa a wajen 155. Da ya tafasa, ka san sauran: ka taka feda ta tafi har ƙasa, motar ba ta ji ba.

Na ga wannan da idona a wurin ajiye motoci na Nürburgring, shahararren filin tseren motoci na Jamus, wanda ba shi da nisa da inda nake zaune. Wani mutum ya fito daga zagaye da wata ƙatuwar jif baƙa, sabuwa fil, ya tsaya kusa da mu. Kafin ya buɗe ƙofa ƙaurin ya riga shi isowa. Hayaƙi na fita ta tsakanin ƙarafan wilin gaba, faifan ya koma shuɗi-shuɗi, gefen tayoyin gaba ya narke ya dunƙule, in ka shafa sai robar ta biyo yatsa. Wani dattijon Bajamushe da ke gefe ya ɗaga masa hannu ya ce kada ya tsaya, ya je ya yi ta zagaya a hankali har birkin ya sha iska, in ba haka ba fatar birkin za ta manne ta bar tabo a faifan. Mutumin nan zagaye ɗaya ya yi. Kusa da shi akwai wata 'yar Suzuki Swift ta haya da tun safe take shiga tana fita, babu abin da ya dame ta.

Abu na biyu tsayi, kuma shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Ka san yadda motar da aka yi wa lodin albasa har sama take yi in ta zo kwana a hanyar Zariya: ba zamewa take yi ba, kishingiɗa take yi. Ƙaramar mota in ta fi ƙarfin tayarta sai ta sulale, ta juya, ta tsaya a ciyawa. Doguwar mota in tayarta ta kama ƙasa da kyau, ko ta sulale gefe ta ci karo da wani tudu, tana iya kifewa. Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, in ka sa mata tayar tsere mai danƙo ba ka sauke tsakiyar nauyinta yadda ya kamata ba, haɗarin kifewar ƙaruwa ya yi. Shi ya sa wasu masu shirya ranakun shiga fili ba sa ma karɓar irin waɗannan motoci. Sauke ta kuma ba yanke sifirin ba ne. Da yawansu a kan jakunkunan iska suke zaune, da na'urorin auna tsayi da ke magana da kwamfutar motar. Ka cire su ka sa shokozoba da sifirin na ƙarfe, sai dashbod ya cika da fitilu, na'urar da ke hana motar kufcewa ta rikice, alhali a mota mai wannan tsayi ita ce ke tsakaninka da asibiti. Haka kejin ƙarfen da ake waldawa a ciki don kare direba in mota ta kife. Keji da kujerar tsere da bel mai madauri da yawa da hular kwano tare suke tafiya. Keji babu hular kwano, ƙarfe ne kawai ka ajiye kusa da kanka.

Ban ma yi maganar man giyabos mai sarrafa kansa da ke ɗaukar zafi ba, ko baƙin man da ke gudu gefe guda a doguwar kwana ya bar famfo yana zuƙar iska. Cayenne ta farko mai silinda takwas kuma an san ta da bututan ruwa na roba da ke ƙarƙashin bakin shan iskar injin, suna tsagewa in sun tsufa, sai an kwance saman injin kafin a kai gare su. Dalilin da ya sa kake ganinta ƙasa da yuro dubu goma ke nan. Araha ba ta ado. Kuɗin sayenta ya faɗi, kuɗin kayanta yana nan a na Porsche, kuma nan ba Ƙofar Ruwa ba ce da za ka zaga ka samo na hannu ka yi ciniki. Taya huɗu masu inci 20 da fatar birki, kwana ɗaya a fili yana iya cinye su.

Za ka ce ai ka ga jif tana ba ƙananan motoci kashi a Nürburgring. Gaskiya ne. Range Rover Sport SVR ta zagaya da'irar arewa ta filin, mai tsawon kilomita 20.8, a minti 8 da daƙiƙa 14 a 2014. Cayenne Turbo GT ta yi a minti 7 da daƙiƙa 38.9 a 2021. Amma waɗannan kamfanoni ne da injiniyoyinsu da direbobin da aikinsu ke nan. Ta biyun da faifan birki na yumɓu ta fito daga masana'anta, da na'urar da ke hana bodi kwanciya a kwana. Sun zuba dukiya sun danne nauyi da tsayi, ba kawar da su suka yi ba. Ni a ganina ma asalin darajar waɗannan motoci ba a kan kwalta take ba. A tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda aka kammala a 1979, wanda ya ratsa ta Agadas da Yamai, Range Rover ce ta zo ta ɗaya a ɓangaren motoci, ta kuma maimaita a 1981. Can tsayinta da ƙarfin ƙashinta su ne makamanta. Wanda ya kai ta da'irar kwalta ya raba ta da abin da ta fi iyawa.

To, ga dokar Jamus, wadda bidiyon da aka ɗauka a Amurka ko Ingila ba zai gaya maka ba. A nan duk canjin da ka yi wa mota mai lamba, daga wili zuwa sifirin zuwa keji, sai yana da takardar amincewa, ko kuma ka kai wa masu duba motoci irin su TÜV su gwada su shigar da shi cikin takardun motar, kuma kuɗi ne. In ba ka yi ba, izinin motar na hawa titi yana iya faɗuwa, inshora ma ta juya maka baya. In ka ce ba za ka yi mata lamba ba, to sai ka nemi tirela da motar da za ta ja tan biyu da ɗoriya, da wurin ajiye su duka, kai da za ka zauna a ɗakin ɗalibai. Lokutan da ake buɗe Nürburgring ga kowa, a 2024 ana biyan wajen yuro 30 zuwa 35 a zagaye ɗaya, amma dokar titi ce ke aiki: motarka ta kasance mai lamba, ba a wuce mota sai ta hagu, an hana auna lokaci. Kamfanonin inshora da yawa sun cire wurin daga abin da suke biya. In ka daki shingen ƙarfe, kai za ka biya gyaransa, da motar ja, da rufe hanyar in an rufe. Lasinka na Najeriya kuma wata shida kawai zai yi maka aiki bayan ka zama mazauni, daga nan sai ka ci jarrabawar tuƙi ta Jamus, ta takarda da ta hanya.

Lissafin aljihun ɗalibi bai da wurin duk wannan. Kafin a ba ka bizar karatu sai ka nuna kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa, yuro 11,904 tun daga ƙarshen 2024, ana sakar maka 992 a wata. Haya da inshorar lafiya za su cinye mafi yawansa. Doka ta ba ka kwana 140 na aiki a shekara, ko rabin yini 280. Maganar YouTube kuwa, kada ka ɗora karatunka a kan kuɗin da bai shigo ba. Masu irin waɗannan bidiyoyi da kake kallo yawancinsu suna da gareji nasu da kamfanonin da ke ba su kaya.

Amma ƙanena, abin da ya sa na zauna na rubuta maka duk wannan shi ne na ga abin da ke ƙarƙashin tambayarka, kuma abu ne mai kyau. Kana son ka gane dalilin da ya sa mota ke riƙe ƙasa a kwana, kana son ka canza abu ka ji bambancin a sitiyari. A Jamus wannan sana'a ce da ake karantawa, ake kuma ci da ita.

In jami'a za ka shiga, ka nemi wadda take da ƙungiyar Formula Student. Ɗalibai ne suke zana ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, su ƙera ta da hannunsu duk shekara, su kai ta gasa a filin Hockenheim a watan Agusta, kamar yadda ake yi tun 2006. Jami'ar Aachen tana da tata, Stuttgart da Munich da Esslingen ma haka. Ba ka sayen mota, ba ka sayen taya. Abin da suke nema shi ne mai zuwa bita da dare ba ya gajiya, kuma yawancin yaran da ke shiga sun iya lissafi da kwamfuta amma ba su taɓa kwance giyabos ba. Kai ka kwance. Wannan hannun naka zai ba ka wuri a cikinsu tun makon farko, kamfanonin motoci kuma a wurin gasar suke farautar ma'aikata. Sai dai ka lura, jihar da Stuttgart da Esslingen suke tana karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓar kuɗi a 2024.

In kuma gareji ne zuciyarka take, akwai koyon sana'a da suke kira Ausbildung. Na gyaran motoci shekara uku da rabi ne, kana aiki a gareji kana zuwa makaranta, ana biyanka albashi kaɗan duk wata. Ƙauyukan da ke kewaye da Nürburgring cike suke da garejojin da aikinsu shirya motoci don fili. Sharaɗin shi ne Jamusanci, yawanci matakin B1, wato matsakaicin iya harshen, kafin biza. Ni da zan tsara maka, kuɗin da kake tarawa don Cayenne a kan harshen nan za su fara tafiya.

Bayan ka zauna da gindinka, ka samu lasin, albashi ya fara shigowa, sai ka sayi ƙaramar mota mai giyar hannu wadda nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, irin Mazda MX-5 ko tsohuwar Renault Clio. Ka zuba mata man birki mai jure zafi, da fatar birki mai kyau, da taya mai kyau, ka bar injin yadda yake. Ka biya malamin tuƙi ya zauna a gefenka a ranar farko. Ina roƙonka kuma, kafin lokacin, ka nisanci wasan motar da samari ke yi a titi ranar biki. Ba shi da alaƙa da abin da muke magana, kuma mutanen da ke tsaye a bakin hanya ba su da shinge.

Ka turo mini hoton sakamakon diflomarka da na sakandare in duba wace ƙofar ce ta fi kusa da kai, jami'a ko koyon sana'a. Ka kuma roƙi maigidanka ya rubuta maka takardar shaidar shekarun da ka yi a garejinsa, da irin ayyukan da kake yi, da sa hannunsa da hatimi, don a nan ana tambayarta. Ka gaishe mini da su Baba da Inna.