Ka taso da son kiwo: wane kwas za ka cike a JAMB?

Ƙanena, ka ce tun kana yaro kake kiwon tantabaru da tumaki, kana tambaya ko wannan ya isa ka zaɓi karatun likitan dabbobi.

Sha'awar tana da amfani ƙwarai, amma fara duba sakamakonka. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi, karatun shekara 6 ne. A JAMB za ka rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma kana buƙatar kiredit a waɗannan da Lissafi a WAEC ko NECO. Nan ne da yawa suke tuntuɓe: suna son dabba, amma Kemistiri ya fi ƙarfinsu.

Sannan son kiwo daban, aikin likita daban. Akwai jini, fiɗar mushe don gano cuta, duba nama a mayanka. Ka nemi izini ka yi kwana biyu kana kallon aiki a asibitin dabbobi. In kiwon ne da haɗa abincin dabbobi suka fi jan ranka, Kimiyyar Dabbobi a tsangayar noma ta fi dacewa da kai, shekara 5 ce.

Kafin ka cike fom, ka je ofishin ɗaukar ɗalibai ka tabbatar da sharuɗɗan bana, don suna canjawa.